Littafin Awon Baban Ummi

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina, Baban Ummi, kuma har yau ban iya wanke sunansa ba.

Na tashi cikin littattafan soyayya, na ɗauka masoyi da turare da baitoci yake zuwa. Nawa da ma'aunin zafi ya zo a aljihu. Awon mai yake yi a wani dafo, wato ma'ajiyar mai, da bututu ke kawo wa mai daga kudu. Ran da ya fara zuwa zance gidanmu a Gumel, ya ɗaga kwalbar man gyaɗan da nake sayarwa ya ce, "Ranki ya daɗe, da rana tsaka kika cika wannan. Da safe za ki ga ya sauka." Na ce, "Malam, zance ka zo ko duba-gari?" Da safe na duba, ya sauka. Tun daga ranar zuciyata ta bar hannuna.

Bututu ɗaya ke ɗauko fetur, kananzir na biye da shi. Mai kuwa yana kumbura da zafi, yana matsewa idan inji ya tura shi da ƙarfi. Aikin Baban Ummi shi ne ya gyara adadin da mita ta nuna, ya faɗi lokacin da fetur zai ƙare, a juya zuwa tankin kananzir. Wata bazara aka juya da wuri, fetur ya shiga kananzir. Risho ya tashi a gidaje, mata suka ƙone. Aka ce laifinsa ne. Ya rantse ya gyara lissafinsa ya rubuta, wanda ya karɓe shi a bakin aiki ne ya bi mita tsurarta. Ba wanda ya saurare shi. Aka sallame shi, ya dawo gida, ya daina zama cikin mutane. Shekara biyu ya ƙara a duniya.

An ce yanzu na'ura ke wannan gyaran da kanta. Da yana raye, murna zai yi ko kuka? Na san dai sai ya taɓa bututun da tafin hannu kafin ya yarda.

Watan jiya 'yarmu Ummi ta dawo daga makaranta ta ce, "Umma, da gaske Baba ne ya ƙona mutane?" Na ɗauko littafin awonsa, na buɗe shafin ranar, muka zuba wa lambobi ido. Ba mu gane komai ba. Na kai wa malamin lissafi a Gagarawa, na kai wa direban tanka a Maigatari, kowa ya ce ba fanninsa ba ne. Rubutun biron yana dusashewa, gara ta fara cin gefen.

Don Allah, duk mai karatu da ya san wannan aiki, ya neme ni ta hannun jaridar nan kafin shafin ya tafi. Ko me lambobin suka ce, zan ɗauka.

Ni shaidar da nake da ita ɗaya ce. Har yau da sanyin safiya nake cika kwalabena, yadda ya koya mini, kuma ba wanda ya taɓa dawo mini da kwalba ya ce ta sauka. Na faɗa wa Ummi haka. Ta ce, "Umma, wannan ba zai ishi 'yan ajinmu ba."