Sabuwar Motar Malamin Dabbobi

Malamin Dabbobi ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin garkuna da gonakin bayan gari, yana yi wa shanu allura, yana ɗura wa tumaki magani, amma bai taɓa hawa motar da wani bai riga ya cinye rabin ranta ba. Da babur ya fara, daga baya ya koma wata tsohuwar a-kori-kura da ba ta tashi sai an tura. Matarsa takan ce ita mutum biyu ta aura, shi da bakanikensa, don ba a mako guda bai yini a gareji ba.

Bakaniken nan shi ne Bahago. Layi ɗaya suka tashi, aji ɗaya suka zauna, har ranar da Bahago ya gudu daga makaranta ya kama sifana. Shi yake ce wa Malam likitan awaki, Malam kuma ya ce masa likitan gwangwani. Zumunci ya yi zumunci har babban ɗan Bahago ya auri 'yar Malam ta biyu. Suka zama surukai, amma tsokana ba ta ragu ba.

Da Malam ya yi ritaya bai rataye jakarsa ba, don ciwon dabba bai san ritaya ba. Sai ya haɗa haƙƙinsa na barin aiki da wani fili da ya sayar, ya je kamfani ya ɗauko mota sabuwa fil, mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda laka da yashi ba sa tsayar da ita. Ko ledar kujeru bai yarda a cire ba. Abu ɗaya ya rage, yana son a ɗora mata kariya, ƙarfen ɗaukar kaya a sama, a kuma kafa akwatin sanyi na allurai a baya. Wa zai ba wannan aikin in ba Bahago ba? Ya kai ta gareji ya miƙa makulli, bayan 'yan kwanaki ya dawo ya ɗauki abarsa.

A fitarsa ta farko ya ji abin. Ya bar gari, ya hau babban titi, yana taka totur sai wata karkarwa ta taso daga ƙasa. Madubi ya kama rawa, kwalaben magani suka shiga ƙara a cikin jaka. Ya ɗaga ƙafa, ta lafa. Ya sake takawa, ta dawo.

Bahago ya saurare shi yana goge hannu da tsumma.

"Taya ce, mutumina. Kamfanin nan ba sa daidaita ta da kyau. Kawo a yi mata balansin."

Aka yi, karkarwa tana nan. Aka juya tayoyin gaba zuwa baya, tana nan. Bahago ya ce wataƙila gurɓataccen mai ya sha, aka zubar aka zuba wani. Daga nan ya ce sabuwar mota kamar sabon takalmi ce, sai ta saba da ƙafar mai ita. Da Malam ya kawo zancen mayar da ita kamfani, Bahago ya yi tsaki.

"Su waɗannan? Za su ajiye maka ita har damina ta wuce, shanun mutane suna mutuwa. Tashi mu zaga in ji da kaina."

Suka hau titi, Malam na tuƙi, Bahago na gefe. Karkarwa ta taso kamar kullum. Malam ya waiwaya ya ce, "Ka ji ko?"

Bahago ya karkata kai, ya kasa kunne, sannan ya girgiza kan.

"Ni ban ji komai ba. Likita, anya ba hannunka ba ne? Shekaru fa sun ja. Babanmu ma haka ya fara."

Malam ya yi dariya, amma maganar ta bi shi gida. Washegari a wani garke, ya zuƙi magani a sirinji, ya ɗaga shi sama don ya fitar da iska, sai ya tsaya yana kallon yatsunsa. Mutumin da yake samun jijiyar saniya ko tana harbi, ranar sai da ya soka ya sake sokawa. Mai garken kuwa yana gani. Malam ya fara ƙin karɓar aiki mai wuya, haihuwar da ta zo da gardama ko ɗinkin rauni, yana cewa a nemi wani. A ɓoye ya je asibiti aka gwada shi, likita ya ce lafiyarsa ƙalau. Ko wannan bai kwantar masa da hankali ba, don a ganinsa likita sau ɗaya ya gan shi, Bahago kuwa tun suna yara ya san shi.

Matarsa ce ta warware zancen, ran da ya ɗauke ta zuwa duba jikarsu. Suna hawa titi ta dafe ƙofa.

"Malam, wannan mota ce ko injin markaɗe?"

"Kin ji wani abu ne?"

"Har cikin haƙorana. Ni da ba sitiyari na riƙe ba, tafin ƙafata sai ƙaiƙayi yake."

Ya gangara gefen hanya ya tsaya, ya gaya mata abin da Bahago ya ce da zuwansa asibiti. Ta juyo ta dube shi.

"Yanzu duk ramar nan da kake yi a kan wannan ne? Gobe ka mayar wa masu ita. Ai da garanti ka saya."

A kamfani babban bakanikensu ne ya karɓe shi, wani dattijo marar yawan magana. Ya tuƙa motar da kansa, ya taka ya saki, ya taka ya saki, sannan ya juyo.

"Da taya ce, a sitiyari za ka fi ji, ko ka taka ko ba ka taka ba. Wannan daga ƙarƙashin kujera take, kuma sai an ba inji wuta. Mu ɗaga ta mu gani."

Aka ɗaga motar sama, ya kira Malam ya shigo ƙarƙashi, ya haska fitila. Komai sabo, komai yana ƙyalli, ban da farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya. Ita an shafe ta da baƙin fenti mai kauri. Dattijon ya kankare da farce, tsatsa ta bayyana. Ya nuna masa inda aka yi walda a tsakiya, ya kama gaɓar ƙarshe ya girgiza, ta yi ƙwal-ƙwal. Notunan kuma duk bakin sifana ya ci gefensu.

"Baba, wannan ba tamu ba ce. Ta taɓa karyewa aka haɗa. An cire ta motar an sa wannan. Wa ka ba ita?"

Idon Malam yana kan wata 'yar alama kusa da waldar, zane kamar sawun kaza da aka buga da kurfi, ƙarfen sara na maƙera. Duk ƙarfen da Bahago ya miƙe sai ya buga masa ita, don in ya dawo ya gane aikinsa. Malam ya sha ganinta a jikin tsohuwar a-kori-kurarsa.

Dattijon ya ce tunda an taɓa motar a waje, garanti ba zai ɗauki wannan ba. Malam ya ce ya ji, a sa sabuwa, tsohuwar kuma a saka masa a baya.

Ya tarar da Bahago a kan benci yana shan shayi. Ya sauke ƙarfen ya ajiye a gabansa. Bahago ya dubi ƙarfen, ya ajiye kofi a hankali.

"Zauna, mutumina, in gaya maka."

"Faɗa, ina ji a tsaye."

Wai wani babban kwastomansa ne mai irin motar, farfelarsa ta karye ana gobe zai yi tafiya, ga ta Malam a ajiye. Ya ce bari ya ara, ya yi wa karyayyar walda ya sa wa ta Malam, kafin mako ya zagayo sabuwa ta iso ya mayar, ba wanda zai sani. Sabuwar ba ta iso ba, mutumin kuma bai dawo ba.

"Da ka tambaye ni, da ban hana ka ba," in ji Malam.

"Na sani. Kunya ce ta kama ni, kullum ina cewa gobe."

"Ƙarfe ai ƙarfe ne. Amma kana zaune a gefena, kujera tana kaɗa ka, ka dubi idona ka ce hannuna ne. Har babanku ka sako a ciki. Na je asibiti, Bahago. Na mayar da mutane da dabbobinsu ba lafiya."

Bahago ya sunkuyar da kai. Malam ya shiga motarsa ya tafi.

Bai kai ƙara ba, bai kuma gaya wa kowa ba sai matarsa, saboda 'yarsa tana aure a gidan Bahago. Bahago ya turo mutane ban haƙuri, Malam ya ce ya yafe, kuma da gaske yake a iya abin da ya iya. Idan sha'anin iyali ya haɗa su, sukan gaisa hannu bibbiyu, a tambayi gida, a tambayi aiki, kowa ya nemi wurin zama nesa da ɗan'uwansa. 'Yar ta taɓa tambayar uwarta me ya shiga tsakanin Baba da surukinta. Uwar ta ce girma ne kawai, ta kawo wani zancen.

Malam ya koma bin garkunansa, motar kuma ba ta sake yin ko gezau ba. Sai dai yanzu duk garejin da ya kai ta, ko baƙin mai za a canza, ba ya barin wurin. Yakan ja kujera ya zauna dab da ramin duba mota, jakarsa a kan cinya. Wani bakanike ya taɓa ce masa, "Baba, ka je ka huta mana, in mun gama za mu kira ka."

Malam ya gyara zama ya ce, "Yi aikinka, ɗana. Ba inda za ni."