Kilishin da Aka Ƙi Karɓa a Tashar Paris

Har gobe ina tuna safiyar da Kawu Ilu ya kusa raba ni da aikina. Lokacin ina sabon ma'aikaci a wata cibiyar nazarin tattalin arziki a Lyon, ana gwada ni kafin a tabbatar da ni. Aka tura ni Paris in rako baƙonmu, wani masani ɗan ƙasar Cek da ke Turai, tsohon ɗan siyasa da ya koma cikin manyan babban bankin ƙasarsu.

Shugabarmu ta ja mini kunne. Manyan bankin sun kusa zaman yanke shawara kan kuɗin ruwa, kuma a ƙa'idarsu, kafin zaman ba mai furta komai a kai. Ta ce ko a jirgin ƙasa kada in bari a tambaye shi.

To, Kawu Ilu shi ya riƙe ni a Saint-Denis, gefen Paris, ina ɗalibi, kuma sana'arsa sayo duwatsun ado daga Cek yana aikawa Maradi. Ina tsaye da baƙon a tasha, ina ta duba agogo, sai ga Kawu, wanda ya ji labarin zuwan baƙon, da babbar riga da ƙunshin kilishi.

Ya yi gaisuwa har da tambayar iyali, ina fassarawa, ya miƙa wa baƙon ƙunshin. Sannan ya ce, "Habu, tambaye shi, kuɗinsu hawa za su yi ko sauka? In sayi kaya yanzu ko in dakata?"

"Kawu, c'est interdit, wallahi, an hana."

"Mi ne ne interdit? Ni na ciyar da kai. Faɗa mishi!"

Ban iya ƙin kawuna a gaban mutane ba, na fassara. Baƙon bai yi murmushi ba, bai ɗaure fuska ba. Ya ce, "Gaya masa, lokacin da nake siyasa, aikina magana. Yanzu aikina shiru. Ko naman nan na karɓa, wani zai ce amsa na ba shi." Ya mayar da ƙunshin da hannu biyu.

Kawu ya juya ko sallama babu. Har muka isa Lyon ban zauna daram ba. Ina leƙen baƙon, ina jiran ya kai ƙarata. Ga kawu ya daina ɗaga wayata.

Bayan manyan bankin sun yi zamansu, duniya ta ji sakamakon, shugabarmu ta kira ni ofis. Na shiga, na tsaya gabanta. Ta ce, "Baƙonka ya bugo. Wai ka gaya wa kawunka yanzu yana son naman nan. Wane nama?"

Da na kai saƙon, Kawu ya yi tsaki, ya ce, "Mutum kamar bango." Amma da kansa ya je gidan waya ya aika masa, kuma ƙunshin ya fi na farko girma.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku sani a wajen mutanen banki ko murmushi labari ne. Wanda ya hana ka amsa a ranar da bai kamata ba, ba raina ka ya yi ba.