Kawu da Jirgin da Ba Ya Jin Sanda

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tun yana saurayi har ya fara furfura a ƙaramin filin jirgin saman garinmu yake aiki. Shi ne mai tsayawa a tsakiyar fili da jajayen sanduna biyu, da abin toshe kunne, yana yi wa jirgi alama har ya tsaya inda ake so. Jirgin ɗaya ne tal, mai zuwa daga babban birni ya koma, tafiyar da kafin ka shanye shayinka an sauka. Amma in ka zauna da Kawu da yamma, sai ka rantse duk jiragen duniya a hannunsa suke.

"Ɗana," yakan ce mini, "matuƙi ya yi karatu, ban musa ba. Amma sai na gicciye sandunan nan a saman kaina yake taka birki."

Matarsa kuwa daga bakin murhu sai ta ce, "To Malam, mu dai a gidan nan ko kaza ba mu ga ka tsayar ba."

Sai aka gama sabon layin dogo, aka ce gajerun tafiye-tafiye irin namu an daina yin su ta sama, man da ake ƙonawa da hayaƙin sun yi yawa. Aka rufe filin, aka mai da ma'aikata tashar jirgin ƙasa. Sharaɗin shi ne za a duba aikin kowa tukuna, wanda bai dace ba ya koma gida. Kawu kuwa ba ya da wata sana'a, ga yara a makaranta.

Aikin da aka ba shi mai sauƙi ne: ya hana fasinja ƙetare jan layin da ke bakin dandamali. Amma ya tafi da sandunansa da abin toshe kunnensa. Jirgi na dosowa sai ya bar fasinja ya ruga ƙarshen dandamali yana kaɗa hannu.

Ranar farko ya dawo gida a fusace. "Na ce wa jirgin ya ɗan karkato dama, ko kallona bai yi ba."

Na ce, "Kawu, ai a kan dogo yake tafiya."

"Shi ya sa ba shi da ladabi."

Manajar tashar, wata mace mai haƙuri da ke kiransa Baba, ta ja masa kunne. Ya ce to, washegari ya ɓoye sandunan a cikin riga.

Wata safiya aka kawo sabon direba. Daga nesa ya hango mutum da riga mai ƙyalli ya ɗaga jan abu sama, a aikin dogo kuwa wannan alamar haɗari ce. Ya danna birki iya ƙarfinsa. Jirgi ya yi ƙara ya tsaya, kai a tasha, taragai can baya cikin ciyawa. Fasinja suka faɗa kan juna, jakunkuna suka zubo. Jama'ar dandamali suka yi caa a kan Kawu. Shi kuwa kunne a toshe, ya ɗauka yabonsa ake yi, har da ɗaga musu hannu.

Da aka kira shi ofis, matarsa ta ce mini, "Bi shi don Allah, kada ya ƙara kwaɓa ta."

Muka zauna gaban Manaja. Kawu ya cire hula yana murza ta, ban taɓa ganinsa haka ba. Ta fara magana, amma hon ɗin motoci daga waje ya hana a ji. Tun da matafiyan sama suka dawo tashar, filin ajiye motoci ya zama abin da ya zama: tasi ta tare bas, bas ta tare mai kaya, kowa na zagin kowa. Ta rufe taga, duk da haka sai da ta ɗaga murya.

"Baba, ka san abin da ka jawo? Ba ni da yadda zan yi, sai dai..."

Ta lura ba ita yake kallo ba. Idonsa na kan taga, hannuwansa na motsi su kaɗai.

"Baba, kana ma ji na?"

"Ranki ya daɗe, ina ji. Wancan mai farar motar ne, da zai ɗan ja baya ya yanke hagu, da bas ɗin ta fita."

Ta dubi taga, ta dube shi. Sai ta ce, "Ɗauki sandunanka ka fita. In ka warware wancan kafin jirgin rana ya iso, wurin naka ne. Amma na sake ganinka da su kusa da dogo, gida za ka."

Bai zo da sauƙi ba. Wani direban tasi ya leƙo ya ce, "Tsoho, jirgin sama ka ga na tuƙo?" Kawu ya tsaya ƙyam a gaban motarsa, sanduna a gicciye, har mutumin ya gaji ya sa ribas. Ɗaya bayan ɗaya suka bi hannunsa. Jirgin rana ya iso ya tarar da Kawu sharkaf da gumi, hanya kuwa a buɗe.

An tabbatar da shi a filin motocin, har yau yana can. Kwanan baya na tambaye shi ko yana leƙa jirgin ƙasan.

Ya ce, "Na ƙyale shi, ɗana. Abin da ko shan kwana bai iya ba, me zan koya masa?"