Abin da hoto bai nuna ba a wuyan Inna

Abin da na fara lura da shi a asibitin Malanville shi ne, matan da ke layin ɗakin ekogarafi, inda ake ɗaukar hoton cikin jiki, duk masu ciki ne, ban da Inna. Suna hira da Dendanci, suna dariya. Mu muka zauna a ƙarshen benci, ni da kayan makaranta a jikina, ita tana riƙe da ƙugu. Kawu, yayanta, ya tsaya waje kusa da babur ɗinsa.

Inna ta daɗe da ciwon ƙashi da ƙishin da ba ya yankewa. Ta daina kai albasa kasuwa. Awon jini ya nuna wani ƙulli a wuyanta ya kumbura, yana zuƙe ƙarfin ƙashinta yana zubawa cikin jini. Lokotoro, wato likita, ya ce irinsu huɗu ne a bayan maƙogwaro, kowane kamar ƙwayar shinkafa, kuma ana son a san wanne ne kafin a yi aiki.

Da layi ya zo kanmu muka shiga, aka sa mata matashi ƙarƙashin kafaɗu, kanta ya koma baya. Lokotoro ya shafa mata wani mai mai sanyi, ya yi ta yawo da kan na'urar a wuyanta. Ni dai toka-toka kawai nake gani a allon. Ban taɓa ganin wuyan Inna a buɗe haka ba. Wata jijiya tana ta bugawa a gefe.

"Bai hito ba," in ji lokotoro. "Yana nan, ya ɓoye na. Sai babban birni. Can za a yi mata allura, maganin ya taru cikin ƙullin, hoto ya kama shi."

Muka fito. A waje Kawu ya tare mu.

"To, mi anka gani?"

"Ba a ga komi ba, Yaya," in ji Inna.

"Ai na hwaɗi! Na'ura da ka ganin ɗa cikin ciki ta rasa ciwo? Babu shi. Mu tai gida a nemi na gargajiya."

Ya tada babur. Tun rasuwar Baba, maganar Kawu ita ce magana. Na dubi Inna, tana goge man da bakin mayafi.

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na koma ciki a guje, na wuce masu cikin nan, na tura ƙofa.

"Lokotoro, don Allah hito ka gaya ma Kawu da bakinka abin yana nan."