Ai Ban Tafa Ba

Har gobe ban manta da wata Lahadi ta lokacin sanyi ba, ranar da aka sa ni fitar da uwa daga zauren da 'yarta ke kiɗa. Ku sababbin shiga aikin nan, ku bar latsa waya ku saurare ni.

Lokacin ina nuna wa baƙi kujera a wani zauren kiɗa a Manhattan. Sufabaizarmu wata Baturiya ce mai riƙon doka kamar ita ta haife ta. Ranar ana gasar matasa makaɗa fiyano. Wanda ya ci, shi ake haɗawa da dillalin da zai riƙa samo masa wuraren wasa. Sauran yawanci koyarwa suke komawa. Gasar kuma tana da iyakar shekaru.

Ina duba tikiti sai na ji wata dattijuwa tana cewa, "Wayyo ƙafata." Na ce, "Sannu, Hajiya." Ta damƙe hannuna kamar ta ga ɗanta. Sunanta Hajiya Rabi, 'yar zangon Kumasi, tana zaune a unguwar Morrisania, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. 'Yarta Safiya na cikin masu gasa. Ta ce tun yarinyar na ƙarama wata tsohuwa da take yi wa aiki ta ɗora ta kan fiyano, daga nan ba ta sauka ba, malami bayan malami, atisaye har yatsu su kumbura. Bana ce damarta ta ƙarshe. Ita kuwa uwar ba ta taɓa ganinta a dandamali ba, kullum tana wurin aiki.

To, irin wannan kiɗa kashi-kashi ne, kuma da ka ake buga shi, ba duba takarda. Makaɗi yakan ɗage hannu tsakanin kashi da kashi, amma bai gama ba, shirun nan ma cikin kiɗan yake. Na ce, "Hajiya, don Allah ko ta tsaya kada ki tafa, sai kin ga kowa ya tafa." Ta ce, "Haba ɗana, ka ɗauke ni baƙauyiya?"

Safiya ta buga kashin farko. Wallahi ni da ban san kan abin ba sai da tsigar jikina ta tashi. Ta ɗage hannu, zaure ya yi tsit. Sai guɗa ta tashi, ayyururui, doguwa, irin ta ranar biki.

Kowa ya waiwayo, wasu suka ƙyalƙyale da dariya. Safiya ba ta ɗago ba. Ta shiga kashi na biyu, ba ta yi nisa ba kiɗan ya kufce mata. Ta koma baya, ta sake tsayawa.

Sufabaiza ta raɗa mini, "Fitar da matar nan." Na ce mahaifiyarta ce fa. Ta ce ba ruwanta. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu in na tuna sai na yi tsaki, amma na je.

Na fito da Hajiya Rabi baranda. Ta ce, "Ɗana, ai ban tafa ba. Ka ce kada in tafa, ban tafa ba." Gaskiyarta ce. Ta manna kunne a ƙofa har aka gama.

Da aka zo sanar da wanda ya ci, ba a kira sunan Safiya ba. Da ta fito, uwar ta ce, "Ni ce ko?" Safiya ta amsa da Turanci cewa ba komai, ta karɓi jakar uwar, suka nufi jirgin ƙasa na layin D. Ko sau ɗaya ba ta kalle ta ba.

Abin da ranar ta koya mini ke nan: makaɗan nan, wahalar shekarunsu kan tarwatse cikin numfashi ɗaya, mu kuma masu gadin shirun muna zaton kowa ya san dokarsa. In namu ya shigo, ku yi masa bayani duka, har guɗa, har kabbara.

Bayan wasu shekaru Safiya ta kawo yaran da take koyarwa wasan rana, ita ma ta buga ɗan gajere a ƙarshe. Hajiya Rabi ta zo, ta roƙe ni kujerar can baya kusa da ƙofa. Tun da aka fara ta toshe bakinta da gefen gyale. Da aka gama kowa ya miƙe yana tafi, na sunkuya na ce, "Hajiya, yanzu ne fa, saki guɗarki."

Ta girgiza kai, gyalen na bakinta.