Wandon da Hajiya Ta Ɗinke

Mun tashi daga Zariya da asubar fari ranar Asabar ɗin da ta wuce, mu biyar a fijo sabuwa dal, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Huɗu makaɗa ne, 'yan jami'a. Ni kuwa mai gyaran rediyo ne a Sabon Gari, an ɗauko ni in kula da lasifika. Kiɗan nasu mai waƙarsu ne ya jiyo shi a Landan, wai shi pank: a yi ihu, a sa tsumma, a zagi manya. Waƙarsu mai tashe a kan 'yan kwangila take, masu shanye kuɗin fetur. Motar kuma ta mahaifin mai waƙar ce, wanda yake sayar wa gwamnati siminti. Ni dai ba a tambaye ni ba.

Hanyar Funtuwa cike take da manyan motoci, kowacce ta sha kaya har tana nishi. Nan muka karya. Ƙosan sule da bara yake ƙosar da mutum biyu, bana ni kaɗai na share shi ina waiwaye. Mai ganga ya yi mana lacca kan wahalar talaka, sannan ya ce cikinsa ba ya son man tuyar tasha, ya buɗe gwangwanin kifi.

Mun wuce Malumfashi da Kankiya lafiya. A Caranci mai waƙa ya sa aka tsaya, ya shiga bayan wata kuka. Ya shiga da wandon jins ɗin da ya kwana biyu yana yagawa da reza yana soka masa fil, ya fito da kaftani da hula, wandon yana cikin jaka. A haka muka shiga Katsina da hantsi, muka sauka gidansu a Kambarawa, aka kwashi kayanmu aka yi ciki da su.

Mai waƙa shi ne ɗan farin mahaifiyarsa Hajiya, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma duban inda yake. Da muka durƙusa gaishe ta, kowa ta amsa masa ban da shi. Muka sha fura mai kauri irin tasu, muka fita ganin gari, muka zaga ta Ƙofar Guga inda ake ta rushe ginin ƙasa ana ɗora bulo.

Da muka dawo bayan azahar, sai ga wandon a ɗakin baƙi, an wanke an goge an ninke. Duk wata yaga an ɗinke ta da hannu. Ɗinkin a karkace yake, don idon Hajiya ya yi rauni. Fil ɗin kuma an tara su a gwangwanin madara. Daga bakin ƙofa ta kira ni.

"Malam, ka hwaɗa ma abokinka, in abin da ake aika mai bai isa, shi hwaɗi. Kada mutanen Zariya su ce ba shi da uwa."

Yana zaune yana ji, bai ɗago kai ba.

Wasan bayan la'asar ne, a kulob ɗin ma'aikata wajen Ƙofar Sauri. Mun ajiye fijo nesa, don kada a ga masu zagin kuɗi sun fito daga cikinta. Sauran ukun suka tasa mai waƙa gaba: hotonsa da tsumma aka manna a gari, shi aka zo gani, ba zai hau dandali kamar ango ba. Ya ce in ara masa reza. Ya shimfiɗa wandon a cinya, ya daɗe yana dubansa, sannan ya fara yanka. Ina tsaye a kansa. Gefen kowane ɗinki ya bi yana sabuwar yaga, zaren bai taɓa ko ɗaya ba. Na zo ne aikin lasifika, amma nan ya ba ni tausayi.

Wasa ya yi kyau. Malamai da akawuna 'yan Jos da Kafanchan suka yi ta rawa. Da aka zo waƙar 'yan kwangila, alhazan da ke kujerun gaba su suka fi kowa tafi, ɗaya ma ya taso ya yi wa mai waƙa liƙi. Kafin magariba an watse. Ya mayar da kaftaninsa a mota, ya roƙe ni in ɓoye wandon a akwatin kayan aikina, ƙarƙashin wayoyi, kada a sake kai shi ciki.

Washegari Hajiya ta haɗo mu da dambun nama da yadi biyar na shadda, ta ce in ba abokina. Mun iso Zariya da la'asar, ba wanda ya yi lacca a hanya.

Abin da na ƙaru da shi ba yawa. Zagin manya ba wuya, tunda har liƙi suke yi. Amma na ga wanda ya tsaya gabansu ya wanke su tas, zaren kwabo biyu ya gagare shi tsinkawa. Wandon yana shagona har yau, bai zo karɓa ba.