Kayen da Jarida Ta Yi wa Yayana

Ni ne na fara iya karatun boko a ƙauyenmu, kuma da na san abin da zai jawo da na tsaya ga fartanyata. Ina da mata da 'ya guda lokacin da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a Kiru. Rani biyu na yi ina zuwa, na fito ina iya karanta duk abin da aka buga, sai kaina ya kumbura. Har tafiyata ta sake, in ji matata.

Akwai wani ɗan tireda da ke zuwa Kano a keke yana saro allura da sabulu. Shi yake taho mini da jarida kowane mako. Kafin ta iso hannuna ta kwana shida ko bakwai, ta sha zufa, wani lokaci har da tabon man gyaɗa. Ranar kasuwar Kafin Maiyaki, bayan azahar, sai in zauna a gindin tsamiyar da 'yan dara ke zama in karanta wa jama'a. Na kafa wa kaina wata doka: ba na buɗe jaridar sai a gaban kowa. Na ce don kada in riga mutane jin labari ne. Gaskiyar magana, so nake a ga yadda nake karanta abin da ban taɓa gani ba, ba tare da na yi tuntuɓe ba.

Mutanenmu ba su damu da maganar 'yan majalisa ba. Da na fara sai a ce in tsallake. Abin da suke so shi ne labarin ƙwallon ƙafa a birni, duk da babu wanda ya taɓa ganin an buga ta a cikinmu. Suna son labarin injin ɓarar gyaɗa, da akwatin rediyo, da motar majigi da aka ce za ta zagaya ƙauyuka. 'Yan dara kan tsaya da tsinke a hannu su manta wanda ke da wasa. Akwai wata mai waina da ke kafa tandarta kusa da mu, ita kuwa rigimarta da shafin abinci ne. Ranar da na karanta cewa a rage wa miya kanwa, ta ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa hura wuta ba a rayuwarsa.

Wani tsoho cikin 'yan darar ya fi kowa gardama. Da na karanta cewa jirgin sama na kai alhazai Makka kafin tuwon da suka ci a gida ya gama sauka, ya ce ƙarya ce, kakansa shekara uku ya yi a hanya.

Na ce, "Baba, abin da aka buga da inji ba ya ƙarya."

Bayan wata biyu wani alhaji ya dawo Bebeji a jirgin, ya tabbatar. Daga nan maganata ta kama bakin mutane. Duk gardamar da ta tashi, sai a ce an buga da inji, shi ke nan an kashe ta. Ni na koya musu wannan, kuma ina jin daɗin abina.

Yayana, wanda nake bi, ɗan kokawa ne. Daga Bebeji har Doguwa babu fagen da bai shiga ba, kuma ba a taɓa kayar da shi ba. Mutum ne marar yawan magana, in ka gan shi a gona ba za ka ce shi ne ake kaɗa wa ganga ba. A shekarar da nake ba da labari gwiwarsa ta hagu ta fara damunsa, in ya tashi daga zaune sai ya ɗan dafa bango. Inna ta matsa masa, ya yi mata alkawari cewa kokawar kakar bana ita ce ta ƙarshe. Buri ɗaya ya rage masa: ya rataye warkinsa ana cewa hannunsa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Ba shi da shanu, ba shi da sarauta, wannan sunan ne kaɗai abin da ya tara.

An yi kokawar bayan an gama cirar gyaɗa, da la'asar, a filin bayan kasuwa. Abokin karawarsa wani saurayi ne daga wajen Tudun Wada, ƙaƙƙarfa, mai zafin zuciya. A kokawarmu ba sai an shimfiɗa mutum ba. Da hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, ka faɗi, an gama. Ko yarinya mai tallan gyaɗa ta san wannan. Sun daɗe suna riƙe da juna, sai yayana ya fizgo shi gefe, saurayin ya dafa ƙasa da tafin hannunsa na dama. Dattijon da ke raba kokawa ya ɗaga sandarsa, makaɗa suka juya ganga zuwa taken yayana. Yayana ya sake shi ya juya baya zai fita. Saurayin nan, don borin kunya, ya taso ya rungumo shi ta baya ya maka shi da ƙasa. Mutanen garinsu da kansu suka ja shi suna yi masa faɗa, kuma kafin magariba kawunsa ya kawo shi har gaban yayana ya ba da haƙuri. Mu a wurinmu magana ta wuce.

Ashe cikin 'yan kallo akwai wani akawun masu sayen gyaɗa, ɗan birni, wanda ke aika wa jarida labarai. An ba shi kujera a inuwa, har da ƙwaryar fura. Bai tambayi kowa kome ba.

Bayan mako uku na zauna a gindin tsamiya, na warware jarida a gaban kowa yadda na saba. Na ga an rubuta kokawa a ƙasar Kiru, sai murna ta kama ni, don ba a taɓa ambaton garinmu ba. Na ɗaga murya na ce a kira Yaya. Aka kira shi daga rumfar maƙera, ya zo ya tsaya a bayan mutane. Na fara karantawa. An faɗi sunansa daidai, an faɗi na mahaifinmu. Bakina na gudu, kaina na biye a baya, kafin in ankara na riga na furta cewa wani saurayi daga Tudun Wada ya ɗaga tsohon zakaran ya buga da ƙasa, zamaninsa ya wuce.

Na ce wannan kuskure ne, ai duk muna wurin. Sai tsohon nan na dara ya dube ni ya ce, "To, Malam, ba kai ka ce abin da aka buga da inji ba ya ƙarya ba?" Aka yi dariya. Da na ɗaga kai yayana ya tafi.

Abin da ke ƙona mini rai har yau ba akawun ba ne kaɗai. Mutanenmu ne. Waɗanda suka tsaya a gefen fage, suka ga tafin hannun nan a ƙasa da idanunsu, su ne suka fara sauya baki. Wani ya ce shi dai yana ta ɗaya gefen, bai ga dafawar sosai ba. Wani ya ce ai dattijon da ya raba ɗan uwan Inna ne, wanda ba haka ba ne, ko gari ba su haɗa ba. A Tudun Wada kuwa an sami mai karanta musu, sai saurayin da ya zo ba da haƙuri ya koma gwarzo, makaɗa suka yi masa sabon kirari da sunan yayana a ciki. Mai waina ce kaɗai ta tsaya a kan magana guda. Ta ce takardar da ba ta san miya ba, ina za ta san kokawa.

Na je na sami akawun a rumfar awon gyaɗa. Na gaishe shi yadda ya kamata, na yi masa bayanin dafa ƙasa dalla-dalla. Ko kansa bai ɗaga daga sikeli ba.

Ya ce, "Ni abin da na gani na rubuta. Wa ya kwanta a ƙasa?"

Na ce, "Malam, ai an riga an gama kafin nan."

Ya ce, "Wannan dokar ku ta ƙauye ce. Ka rubuta musu, in kana iyawa."

Na rubuta. Kwana biyu na yi ina gogewa ina sakewa, dattijon da ya raba kokawar ya dangwala yatsansa a ƙasan takardar. Ɗan tireda ya kai ta Kano. Mako ya zagayo, na buɗe jarida. Akwai labarin ƙwallo, akwai sabon garmaho mai kiɗa da faifai, akwai yadda ake dafa shinkafa da madarar gwangwani. Babu mu. Mako na gaba aka ba da rabin shafi ga wani Bature da ya kama babban kifi. Na gaba kuma gasar dara a birni. Suna da wurin gyara sunan wani ɗan ƙwallo da suka rubuta ba daidai ba, har da ban haƙuri, amma ba su da layi biyu na mutumin da suka ɓata wa aikin shekaru.

Wata safiya ina gyaran rumbu yayana ya shigo gidana. Tun ranar karatun bai ta da maganar ba. Ya zauna a kan turmi ya miƙe ƙafar da ke ciwo, ya ce in ɗauko takardar. Na ɗauko.

Ya ce, "Nuna mini wurin da aka kayar da ni."

Na ce, "Yaya, ka bar wannan, kowa ya san gaskiya."

Ya ce, "Nuna mini."

Na ɗora yatsa a kan layin. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon baƙaƙen da ba ya iya karantawa, ya sa babban yatsansa ya murza wurin kamar mai share datti daga riga. Sannan ya tambaye ni ko wannan ce kaɗai. Na ce a'a, an buga irinta da yawa, an kai kowane gari. Ya ce har inda bai taɓa zuwa ba? Na ce har can. Ya gyaɗa kai ya tashi, yana dafa bango.

Kaka ta zagayo, ya sauko da warkinsa. Inna ta yi kuka, ta tuna masa alkawari, ya durƙusa a gabanta ya ce ta yafe masa sau ɗaya. Na roƙe shi, dattawa suka roƙe shi. Ya ce a gaban ido aka yi ta farko ba ta zauna ba, bari a sake. Muka tafi Tudun Wada a ƙafa, kuma tun a hanya na ga yana ɗingishi. Saurayin ya ƙara shekara guda ta ƙarfi, yayana ya ƙara shekara guda ta ciwo. Ba su daɗe ba gwiwar ta ƙi ɗaukarsa, ta kai ƙasa. Babu zamba a ciki, kaye ne na gaskiya, kuma saurayin da kansa ya miƙa hannu ya tashe shi. Na duba inuwar da ake ajiye wa baƙi kujera. Ba akawu, ba kowa daga jarida, an ce an mayar da shi wani gari.

A kan jaki muka dawo da shi, ina riƙe da igiya. Mun wuce gonaki da yawa. Can ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi tun da na shiga aji.

Ya ce, "Malam, yanzu ka huta. Takardarka ta yi gaskiya."

Gwiwar ba ta sake miƙewa daidai ba, da sanda ya yi sauran rayuwarsa. Ranar kasuwa ta zo, ɗan tireda ya miƙo mini jarida, 'yan dara suka matsa suka ba ni wuri, ana cewa in fara da ƙwallo. Na karɓa, na miƙa wa mai waina, na ce ta naɗe wa mutane wainarsu.